Franz Stigler, Matuƙin Jirgin Yaƙin da Ya Ɗage Yatsa Daga Kunama

A wannan karon za mu leƙa tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira yaƙin Hitila, mu duba rayuwar wani sojan sama na Jamus mai suna Franz Stigler. Ya tashi aikin yaƙi sau 487, an tabbatar ya kakkaɓo jiragen abokan gaba 28, shi ma an harbo nasa jirgin sau 17. Duk da haka, in an ambaci sunansa yau, ba waɗannan ake tunawa ba. Jirgi guda ɗaya da ya ƙi harbowa shi ne ya sa duniya ta san shi.

Yaron da ya so sama

An haifi Stigler ranar 21 ga Agusta 1915 a jihar Bavaria, a kudancin Jamus, cikin gidan 'yan Katolika. Mahaifinsa ya yi aikin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mahaifiyarsa kuwa burinta shi ne ɗanta ya zama fada. Shi dai yaron idonsa yana sama.

A lokacin, yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin farko ta hana Jamus mallakar rundunar sojan sama. Saboda haka samarin ƙasar suka koma wa jirgi mara inji, wanda ake cilla shi daga kan tudu iska ta ɗauke shi. A irin wannan jirgin Stigler ya fara tashi a 1927, yana ɗan shekara 12. Da ya girma ya zama matuƙi a kamfanin Lufthansa, yana jigilar fasinja da wasiƙu a sararin Turai.

Hitila ya hau mulki a 1933, a 1935 kuma ya bayyana wa duniya cewa Jamus ta kafa rundunar sojan sama. Irin su Stigler masu ƙwarewa aka fara nema. Aka mai da shi malamin koyar da tuƙi, ya horar da samari da yawa. Cikin ɗalibansa akwai Gerhard Barkhorn, wanda daga baya ya kakkaɓo jirage 301. Akwai kuma wansa na ciki ɗaya, August, ɗan'uwansa tilo.

A 1940 August ya mutu a haɗarin jirgi, lokacin da Jamus take kai wa Ingila hare-haren dare. Wannan mutuwa ta juya rayuwar Stigler. Ya bar aikin koyarwa, inda babu mai harbinsa, ya nemi a tura shi bakin daga a matsayin matuƙin jirgin farauta, wato ƙaramin jirgi mai mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne ya bi jiragen abokan gaba ya harbo su. Mu lura da wannan tun yanzu: da zafin rashin ɗan'uwa ya shiga yaƙin.

Hamadar Libiya

A 1942 aka tura shi Arewacin Afirka, cikin runduna ta 27 ta jiragen farauta, wadda ke ba sojojin Janar Rommel kariya daga sama. Jirginsu shi ne Messerschmitt Bf 109, mai inji ɗaya, mai sauri, ɗakin matuƙinsa a matse har kafaɗun mutum suna taɓa bango. Suna kwana a tanti, ruwa a aune, ƙura tana cinye injuna, ƙudaje da ciwon ciki suna cinye mutane. A wannan rundunar Hans-Joachim Marseille yake, matashin da aka lasafta masa jirage 158 kafin ya mutu ranar 30 ga Satumba 1942, lokacin da injinsa ya lalace ya yi ƙoƙarin dirowa.

Wannan yaƙin hamada ya ratsa ta ƙasarmu. Da yawa daga jiragen Birtaniya da su Stigler suke fafatawa da su, a cikin akwatuna aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can aka harhaɗa su, suka taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, suka bi ta Sudan har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya.

Shugaban ƙaramar rundunar da aka sa Stigler a ciki shi ne Gustav Rödel. Kafin sabon zuwan ya shiga gumurzu, Rödel ya ja shi gefe ya gargaɗe shi. Ya ce in ya taɓa gani, ko ya ji labari, cewa Stigler ya harbi mutumin da ya diro daga jirgi yana saukowa da laima, to shi da kansa zai harbe shi. Ya kuma nuna masa cewa kiyaye ƙa'idar yaƙi don kansa ne, don kada yaƙin ya ƙare ya tarar ya daina zama mutum. Stigler ya zo neman jini, ya tarar da shugaba mai ja masa layi. Har tsufansa yana maimaita wannan gargaɗi.

Hamadar ba ta yi wa Jamus daɗi ba. A ƙarshen 1942 aka fatattaki Rommel a El Alamein, a watan Mayu 1943 ragowar sojojin Jamus da na Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya. Stigler ya ci gaba da yaƙi daga tsibirin Sisili, har aka mamaye shi a watan Yuli. Daga nan aka kira rundunarsa gida.

Wuta ta dawo gida

Jamus da ya tarar ba wadda ya bari ba ce. Jiragen Birtaniya suna ruwan bama-bamai da dare, na Amurka da rana. A ƙarshen Yuli 1943 an ƙone birnin Hamburg, mutane kusan 40,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki, yawancinsu farar hula. Matuƙan jiragen farauta suna ganin hayaƙin garuruwansu daga sama, sun san akwai uwa da jariri a ƙarƙashinsa.

Babban jirgin Amurka na wannan aiki shi ne B-17: injuna huɗu, mutum goma a ciki, bindigogi masu jigida ta gaba, ta baya, ta sama, ta ƙasa da ta gefe. Suna tafiya a dunƙule, ɗaruruwa a lokaci guda, kowane jirgi yana kare maƙwabcinsa. Tunkarar su ganganci ne da rai. Su ma Amurkawan suna shan wuya. Ranar 17 ga Agusta 1943 sun rasa jirage 60 a fita ɗaya, ranar 14 ga Oktoba suka sake rasa 60. Kowane jirgi mutum goma ne, yawancinsu ba su wuce shekarun 'yan zumuntarmu ba.

Zuwa watan Disamba, Stigler ya tara nasarori har B-17 guda kawai ya rage masa ya cancanci Gicciyen Barde, lambar yabon da kowane sojan Jamus yake mafarkin rataya ta a wuya.

20 ga Disamba 1943

Kwana biyar kafin Kirsimeti, jiragen Amurka suka taso daga Ingila zuwa birnin Bremen, inda ake ƙera jiragen yaƙi na Focke-Wulf. Cikinsu akwai wani B-17 da aka yi wa laƙabi da Ye Olde Pub, daga sansanin Kimbolton. Matuƙinsa Charlie Brown ne, ɗan manomi daga jihar West Virginia, mai shekara 21. Wannan ce fitarsu ta farko a matsayin ƙungiya ɗaya.

Kafin su saki bama-bamansu, bindigogin kakkaɓo jirage na ƙasa suka same su. Gilashin hancin jirgin ya tarwatse, inji ɗaya ya mutu, wani ya fara gardama. Suna tafiya a tsayin fiye da mita 8,000, inda sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri, ga iska tana kwarara ta hancin da ya fashe. Sun saki kayansu, amma ba su iya bin sauran ba. Jirgin da ya ware daga garke kuwa abincin kura ne.

Jiragen farauta fiye da goma sha biyu suka rufar masa sama da minti goma. Inji na uku ya raunana. Rabin abin juya jirgi na wutsiya ya tafi, fiffiken wutsiya na hagu ya ɓalle. Yawancin bindigogin sun daskare. Mai bindigar wutsiya, Hugh Eckenrode, ya mutu nan take. Wani ƙafarsa ta ragargaje, wani ƙarfe ya shiga idonsa, wani ƙafafunsa suka sandare, allurar kashe zafin da suke da ita ma ta zama ƙanƙara. Brown ya ji rauni a kafaɗa, iskar numfashi ta yanke, ya suma. Jirgin ya sulalo ƙasa, maharan suka bar shi. Da Brown ya farfaɗo, sai ya ga itatuwa da rufin gidaje suna tasowa, da ƙyar ya miƙe jirgin.

A daidai lokacin Stigler yana ƙasa a wani filin jirgi, ana zuba masa mai da harsasai. Akwai ma harsashin Amurka maƙale a tukunyar sanyaya injinsa, abin da zai iya sa injin ya yi zafi ya mutu a sama. Ya ɗaga kai ya ga B-17 yana wucewa ƙasa ƙasa, shi kaɗai, yana jan jiki. Ya haye jirginsa ya bi shi.

Ya taso masa ta baya, ya saita, yatsansa a kan kunama, yana jiran mai bindigar wutsiya ya buɗe wuta. Bindigogin ba su motsa ba. Ya matso har ya ga mutumin a kife cikin jini. Ya zagayo gefe. Jikin jirgin ya huje har ana hango ciki, ya ga samari a durƙushe suna ƙoƙarin tsayar wa juna jini. Daga baya ya ce bai taɓa ganin jirgi ya lalace haka yana kuma tashi ba. Ya dafa carbin addu'ar da yake ajiyewa a aljihun rigarsa. Maganar Rödel ta dawo masa, ya ga cewa waɗannan mutane ba su da bambanci da wanda ke lilo a ƙarƙashin laima. Ya ɗage yatsansa.

Ƙin harbi kaɗai ba zai cece su ba, domin a gabansu akwai bakin teku, inda Jamus ta jera bindigogin kakkaɓo jirage. Stigler ya matso dab da fiffiken B-17, ya jera da shi. Masu bindigar ƙasa sun san surar Bf 109, ba za su buɗe wuta a kan nasu ba. Haka jiragen biyu suka ƙetare bakin tekun ba a harba ko ɗaya ba.

Ta tagar jirgi ya yi ta yi wa Brown nuni da hannu: ya sauka a Jamus a yi musu magani, in kuwa ya ƙi, ya juya zuwa Suwidin, wadda ba ta cikin yaƙin, tafiyar kusan rabin awa. Brown bai gane ba. Abin da yake gani shi ne abokin gaba a gefensa, har yana iya ganin idanunsa. Ya sa mai bindigar sama ya juyo da bakin bindiga wajen Bajamushen. Stigler ya fahimta, ya sara masa, ya karkata jirginsa ya koma. A ransa bai yi zaton za su kai ba.

Sun kai. Sun ratsa kusan kilomita 400 a kan Tekun Arewa, suna zubar da duk wani abu mai nauyi, suka sauka a sansanin Seething a gabashin Ingila. Mutum tara daga cikin goma suka rayu.

Bakin kowa a rufe

Brown ya ba shugabanninsa labari, suka umarce shi ya yi shiru. Ba su so sojojinsu su fara tunanin cewa akwai mai tausayi a cikin jiragen Jamus. Stigler kuwa bai gaya wa shugabanninsa komai ba. A Jamus ta Hitila, wanda ya bar abokin gaba ya tsira yana iya fuskantar kotun soja da hukuncin kisa. Jirgin da ya raka ya wuce a kan idon masu bindigar ƙasa, kowane ɗayansu yana iya kai rahoto. Bai taɓa samun Gicciyen Barde ba.

Ya ci gaba da yaƙi. A farkon 1945 ya shiga wata runduna ta musamman da Janar Adolf Galland ya kafa, bayan an tsige shi daga shugabancin jiragen farauta saboda saɓaninsa da Göring. Suna tashi daga kusa da Munich da Me 262, jirgin yaƙi na farko mara farfela da ya shiga fagen fama. Ya fi duk jiragen abokan gaba gudu, amma ya zo a makare: babu mai, babu kayan gyara, ana kai wa filinsu hari kullum. A nan Stigler ya sake haɗuwa da tsohon ɗalibinsa Barkhorn. A watan Afrilu jirgin Johannes Steinhoff ya kama da wuta wajen tashi, fuskarsa ta ƙone, Günther Lützow kuma ya tashi bai dawo ba. Ranar 8 ga Mayu 1945 yaƙin Turai ya ƙare.

Stigler ya fito da ransa cikin ƙasar da ta zama kufai, yana neman aikin ƙarfi don ya ci abinci. A 1953 ya yi ƙaura zuwa Kanada, ya zauna a yankin Vancouver. Brown ya ci gaba da aikin sojan sama, daga baya ya koma ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ya yi ritaya a Miami.

A 1986 aka gayyaci Brown ya yi jawabi a wani taron tsofaffin matuƙa a jihar Alabama, aka tambaye shi ko akwai fitar da ba ya mantawa. Daga ranar ya shiga neman Bajamushen nan. Ya yi shekara huɗu yana tona takardun soja bai samu komai ba, domin babu wanda ya rubuta abin. A ƙarshe ya aika wasiƙa ga mujallar tsofaffin matuƙan jiragen farauta na Jamus. A farkon 1990 amsa ta zo daga Kanada. Da suka yi magana ta waya, Stigler ya bayyana masa yadda jirgin yake, da rakiyar, da sarawar ƙarshe. Shekara 46 yana tambayar kansa ko mutanen nan sun kai gida.

Sun haɗu a birnin Seattle a wannan shekarar, tsofaffi biyu suka rungumi juna suna kuka. Daga baya Stigler ya sadu da wasu daga cikin mutanen jirgin, ya ga 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda da ya danna kunama da ba a haife su ba. Ya ba Brown kyautar littafi, ya rubuta a ciki cewa ya rasa ɗan'uwansa tilo a 1940, kuma Brown yana da daraja a wurinsa kamar yadda wancan yake. Suka yi shekara 18 suna zumunci. Stigler ya rasu ranar 22 ga Maris 2008, Brown ya bi shi ranar 24 ga Nuwamba na wannan shekarar. A 2012 marubuci Adam Makos ya fitar da labarinsu cikin littafin A Higher Call.

Abin da za mu riƙe

Kada mu mai da Stigler waliyyi. Bai shiga jam'iyyar Nazi ba, amma kakin da ya sa na gwamnatin da ta kashe Yahudawa miliyan shida ne, kuma ƙwarewarsa ta yi mata aiki. Kafin ranar nan ya kashe mutane, bayanta ma ya ci gaba da harbi. Su Brown ma daga zuba bam a kan birni mai cike da mutane suke dawowa. Babu mai hannu fari a wannan labari. Minti goma na jinƙai ba sa wanke shekarun jini, wannan aikin alherin Allah ne kaɗai. Amma minti goman nan suna da abin koya mana.

Na farko, ba a sama Stigler ya yanke shawarar ba. A gudun jirgin yaƙi babu lokacin dogon tunani. Abin da aka shuka masa a gida, da layin da Rödel ya ja masa a hamada fiye da shekara guda kafin nan, su ne suka riƙe yatsansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daniyel ma tun kafin a kawo abincin sarki ya ƙudura abin da zai yi. Wanda bai yanke tun yanzu abin da ba zai taɓa aikatawa ba, ranar da jini ya hau, taron jama'a ne zai yanke masa. Ku kuma da kuke shugabancin matasa, ku lura da nauyin magana ɗaya da wani babba ya faɗa wa sabon zuwa.

Na biyu, yana da kowace hujja ta harbi. An kashe masa mutanen gari, ya rasa ɗan'uwa, doka tana bayansa, lambar yabo tana jiransa. Haka mutanen Dawuda suka kawo masa hujja a kogon En-gedi, cikin 1 Sama'ila 24, lokacin da Saul ya shigo shi kaɗai ba tare da kariya ba. Dawuda ya yanki gefen rigarsa, ko wannan ma zuciyarsa ta dame shi. Da yawa cikinmu mun san zafin binne ɗan'uwan da aka kashe a tashin hankali, mun kuma ji ana cewa rama cuta ga macuci ibada ce. Ubangijinmu bai koya mana haka ba. Gwajin yakan zo ne ranar da wanda kake ganin maƙiyi ya faɗo hannunka ba shi da ƙarfi: baƙon da ya ɓata hanya ya shigo unguwarku ana cikin rikici, ko wanda aka kama ana ihu a ƙone shi. Stigler ya matso kusa har ya ga fuskoki, daga nan harbin ya gagare shi.

Na uku, bai tsaya a janye hannu ba. Ya sa jirginsa tsakanin mutanen nan da bindigogin ƙasarsa, ya yi kasada da ransa, ya kuma yi shekara 46 babu wanda ya gode masa. Cewa "ni dai ban taɓa kowa ba" abu ne mai sauƙi. Raka mutum har ya fita daga haɗari, naka suna kallonka, shi ne mai tsada.

A wannan makon, kowa ya zauna ya tambayi kansa a gaban Allah: mene ne abin da ba zan aikata ba, ko da an yi mini alkawarin lada, ko da duk abokaina sun ce in yi? Ya Ubangiji, ka kafa wannan amsa a zukatanmu tun kafin ranar gwaji ta zo, ka ba mu idon da zai ga mutum a cikin wanda muke kira maƙiyi. Amin.